Inda Za Ki Sauka a Abuja

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Safiya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanyar Kaduna da abin da ke gaba da ita, Ya haɗa ki da direba mai hankali, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Na ce wa babanku ya miƙa miki takardar nan a tasha bayan kin zauna a mota. Ki karanta ta kafin ku yi nisa, kada ki bari sai kin isa, domin akwai maganar masauki a ciki.

Kin ga na rubuta sunanki a sama. Na san za ki tsaya ki sake dubawa. Tun da aka raɗa miki shi bakina bai saba da shi ba, saboda ke ce 'yar fari, kuma haka na taso na ga iyayena suna yi a Unguwar Gabas: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a zama doguwar hira da shi. "Ke" nake ce miki, ko in ce wa ƙannenki su kira yayarsu. Hannu ba ya jin nauyi irin na baki, shi ya sa na zaɓi takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san bokona na makarantar matan aure ne, da ajami na fi sauri.

Ga maganar. Kamfanin waya ya ɗauke ki aiki a babbar cibiyarsu ta Abuja, inda ake zama ana lura da lafiyar ƙarafunan sabis na garuruwa masu yawa. Antinki Rifkatu, wadda ta koya miki aikin nan tun kina ɗaliba kina zuwa ofishinsu na Sabon Gari, an mayar da ita Abuja bara, ta ce ki sauka a gidanta, da ƙafa ma ana zuwa ofis daga nan. Babanku ya yarda. Ni na ce a'a, gidan Kawu Sani za ki zauna, alhali na san yana can bayan gari, sai kin sauka daga wannan mota kin hau waccan, kuma aikinku na karɓa-karɓa ne, ba kullum za ki tashi da rana a sama ba. Kika ce, "To, Umma," kika ci gaba da ninke kayanki. Dalilin da na ba ku shi ne zaman ɗiya mace wurin danginta ya fi mutunci. Ban yi ƙarya ba, amma ba shi ne duk dalilin ba, ni kuwa ina tsoron rabin gaskiya yadda nake tsoron ƙarya.

Kada ki zaci don Rifkatu Kirista ce. Na san ita ta ware miki gefen ofis kika riƙa shimfiɗa dardumarki, na san takan taɓa ki ta ce lokacin sallarku ya yi in aiki ya ɗauke miki hankali. Da na ji haka na yi mata addu'a, sannan na ji haushi, domin tuna miki da salla aikina ne. Kin ga irin ciwon ke nan. Kishi nake yi, Safiya. Ina kishin matar nan, ina kishin na'urar da kuke aiki da ita, kuma in zan faɗi gaskiya har ke ɗin ban bari ba. Zan jera miki kurakuran da kishin nan ya sa na yi, kin san su duka domin a gabanki aka yi su, abin da ba ki sani ba shi ne abin da ke raina a lokacin. Ina so ki ɗauki darasi a kowanne, domin inda za ki akwai masu irin zuciyata.

Na fari shi ne ranar da kika dawo daga Samaru da ɗokinki, kina shekarar ƙarshe a jami'a, kika zauna a tsakar gida kina yi wa babanku bayanin wata ƙirƙirarriyar basira da aka kawo ofishin da kike koyon aiki. Ina gefe ina tsince shinkafa. Na ji kina cewa tana iya faɗin ƙarfen da zai lalace tun bai lalace ba. Babanku ya ajiye rediyonsa yana ta yi miki tambaya, ke kuma kina ta zuba kamar ba yarinyar nan da ke shigowa ɗakina ta gaishe ni ta fita ba. Ban ɗaga kai ba na ce, "Wannan ai duba ne. Wa ya san gobe in ba Allah ba?" Babanku ya ce, "Malama, a bar ta ta ƙarasa mana." Amma ba ki ƙarasa ba.

Tsoron da na ji gaskiya ne, ba na so ki ci abinci daga aikin da ke da'awar sanin gaibu. Sai dai da tsoro ne kaɗai, da tambayarki zan yi. Ban tambaya ba, na yanke hukunci, domin na ji zafin yadda kika fuskanci babanku kika ba ni baya. Na manta ni na koya miki ba ni baya.

Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya, ta ce ba za ta yi fatawa a kan abin da ba ta gani ba, in tambayi mai aikin. Mai aikin kuwa ita ta kawo kanta. Rifkatu ta zo gidan nan da lemo a leda, wai ta zo ta ga uwar da ta haifi ɗalibarta. Tun daga zaure take kiran "Maman Safiya", sunan da ba wanda ke kirana da shi a unguwar nan saboda an san ina jin nauyi. Na shimfiɗa mata tabarma, na yi ta kewaye-kewaye kafin na kawo zancen. Ta yi dariya har ta dafa gwiwata.

"Maman Safiya, in kin ga yaronki ya ƙi tuwo, kin taɓa goshinsa kin ji ɗumi, kin ga ya bar wasa ya kwanta, ba kya cewa zazzaɓi na tafe?"

Na ce ina cewa.

"To gaibu kika sani?"

Daga nan ta warware mini a hankali. Ta ce kowane ƙarfen sabis, har wanda ke bayan gidanmu a nan Dogarawa, yana da 'yan na'urori da ke aika rahoto ofis ba tsayawa: zafin ɗakin injin, ƙarfin batir, yawan man gas da ya rage a janareto, yawan mutanen da ke waya ta kansa. A da, in ji ta, sai sabis ya ɗauke, jama'a sun yi ta zagi, sannan a tayar da mota a je neman abin da ya faru, wani lokaci a je ba tare da kayan da ake buƙata ba a sake dawowa. Yanzu an tattara rahotannin shekarun baya an ba basirar nan ta yi nazari, ta gane irin alamun da ke zuwa kafin kowace irin lalacewa. In ta ga batir yana saurin sauka fiye da yadda ya saba, sai ta ce a je a canza shi kafin ya mutu. Tana tsara wa masu gyara hanya, in za su Hanwa su biya ta wani ƙarfen da ke kusa su yi aiki biyu a fita ɗaya. In ƙarfe guda ya faɗi, tana karkatar da kiran mutane zuwa na maƙwabta kafin a gyara. Ta ce alama take karantawa, kuma tana kuskure, shi ya sa ake zaunar da mutum irinki ya duba maganarta kafin a aika kowa.

Na gane sarai. Hankalina ya kwanta ta fuskar addini, amma bayan ta tafi na zauna a kan tabarmar nan na kasa naɗe ta. Wato sai da wata ta taso daga Hanwa ta zo ta fassara mini 'yata.

Shawarata a nan ita ce, kada ki yanke hukunci a kan abin da ba ki gane ba, musamman in kin ji ranki yana miki zafi a kan mai maganar. Ki tambaya tukuna. Kuma ke ma ki kiyaye harshenki a wurin aiki: kada ki ce na'ura ta san ƙarfe kaza zai lalace. Ki ce ta ga alama. Bambancin ƙarami ne a baki, amma zai tsare miki imaninki, zai kuma tsare ki daga jin kunya ranar da ta faɗi ba daidai ba.

Kuskure na biyu ya fi mini ciwo. Kin tuna ranar da matan unguwa suka taru a ɗakina bayan mun dawo daga barka? Kika shigo da sallama, fuskarki kamar an kunna fitila. A gaban mutane kika durƙusa kusa da ni, abin da ba ki saba ba, kika fara ce mini basirar ta nuna batiran wani ƙarfe na Hanwa suna gab da mutuwa, manyanki suna shakka, ke kika duba kika ce a je, aka je aka tarar sun kumbura, da an ƙara jinkiri da unguwar duka ta rasa sabis, ga asibiti a kusa. Ba ki kai ƙarshe ba na ga idanun matan nan a kaina, suna jira su ga ko zan washe baki a kan 'yar fari. Na ce, "Je ki duba tukunya."

Kika tashi. Daga kicin na jiyo muryarki a waya kina cewa, "Anti, kin ji yadda aka yi?" Na ji kina dariya, irin dariyar da rabona da jin ta tun kina ƙarama. Ina zaune ana hirar ankon biki, ina amsawa da to da haka ne, kunnena yana kicin. Labarin nan nawa ne, ni kika fara kawo wa, ni na tura shi gidan wata da hannuna. Matan suka yaba da kunyata, wata har ta ce irinmu sun yi ƙaranci. Na karɓi yabon na haɗiye, bai ƙosar da ni da komai ba.

Ban ce al'adar iyayenmu banza ce ba. Tana hana uwa fariya, tana hana ɗa girman kai, kuma ban ga ta lalata ki ba. Amma ni na wuce da ita inda aka ajiye ta. Da baƙin suka watse ai da na kira ki na ce ki ƙarasa mini. Ban kira ba, domin a lokacin fushi nake yi da ke a kan kin kira Rifkatu. Ki duba wannan rashin adalci.

Saboda haka, in wani na ƙasa da ke ya zo da ɗokinsa zai gaya miki abin da ya gano, ko mai gyara ya kira daga gindin ƙarfe yana so ya yi miki dogon bayani, kada ki katse shi don kina jin idon mutane ko don aiki ya yi yawa. In ba hali a lokacin, ki neme shi daga baya da kanki. Mutum ba ya kawo farin cikinsa sau biyu wurin da aka kore shi.

Na uku, a kasuwar Sabon Gari na ji shi, wajen masu kayan miya. Da damina ce. Na haɗu da Rifkatu tana sayen tattasai, muka gaisa, sai ta ce mini yaya jikin Safiya, ta daina damuwa? Na ce lafiya lau, kamar na san zancen. Ita kuwa da ta zaci na sani ta ci gaba da ba ni labari. Wai basirar ta nuna ɗakin injin wani ƙarfe can bayan Shika yana ɗaukar zafi, kika sa hannu aka tura Oga Emeka da mutanensa, shi da ya daɗe yana hawa ƙarafunan nan tun kina firamare. Motarsu ta kafe a taɓo, suka tura, suka isa jiƙe sharkaf, suka tarar komai lafiya. Zanzaro ne ya yi gini a kan ɗan abin da ke auna zafin. Da suka dawo ya tsaya a tsakiyar ofis da takalmansa duk laka, ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Injiniya, mun gaishe da zanzaro. Ya ce a gaida kwamfuta." Kowa ya yi dariya, ke kika shiga banɗaki kika yi kuka.

Ina tsaye riƙe da kwando ina gyaɗa kai, ina cewa ai yaran yanzu sai haƙuri. A raina ina lissafin yadda kika dawo gida a ranar, kika ce mini kanki ke ciwo, na ba ki magani. Kin yi kuka a kafaɗar wata, ni kika kawo mini ciwon kai. Da na koma gida, maimakon in rarrashe ki, kin tuna abin da na ce da kika tambaye ni ko akwai abin da za ki taya ni? Na ce, "Ba komai, ai kina da wadda kike gaya wa damuwarki." Na ga yadda maganar ta same ki. Na yi istigfari a kanta, amma ban janye ta ba sai yau. Na janye.

Abin da nake so ki riƙe daga wannan ya fi na sauran muhimmanci, domin a nan ne kishina zai yi miki amfani. Na fi ki sanin abin da ke damun Oga Emeka. Ba taɓon ba ne, ya sha shiga wanda ya fi shi. A da in ƙarfe ya yi ciwo shi ake kira a tambaya, shi ke cewa a ɗauki kaza a bar kaza. Yanzu wata aba da ba ta taɓa jin zafin ƙarfe a tafin hannunta ba ita ake fara tambaya, shi kuma a aike shi. Mutumin da aka saba tambaya, ranar da aka daina tambayarsa, ba ya cewa ina jin kishi. Zolaya yake yi, ko ya yi shiru, ko ya ce wannan ai duba ne. A Abuja za ki tarar da irinsa da yawa, wasu ma ba za ki taɓa ganin fuskarsu ba, murya ce kawai a waya daga wani gari. In basirar ta nuna miki abu, kafin ki tura mutum ki kira shi ki ce ga abin da na gani, kai me ka gani? Ba don lallashi kawai ba. Shi ya san ƙarfen da ruwa ke kwanciya a gindinsa da wanda hanyarsa ba ta biyuwa in an yi ruwa, ita kuma ta ga abin da idonsa ba zai gani ba a cikin rahotanni masu yawa. Na ji daga baya kun koya mata cewa in zafi kaɗai ya tashi alhali komai yana daidai, ta fara zargin abin awon. Madalla. Amma ko ta ƙware yaya, sa hannun naki ne. In an yi daidai ki gode wa Allah da waɗanda suka hau, in an yi kuskure kada ki ce na'ura ce ta ce. Ba ita za a tambaya ranar lahira a kan ɗan mutane da aka tura hanya a banza ba. Amana ce a wuyanki.

Akwai na huɗu, wanda ban san ko kuskure zan kira shi ba. Wata ranar Asabar kin buɗe kwamfutarki a falo kina nuna wa babanku taswira mai ɗige-ɗige, kore da ruwan ɗorawa da ja, kowane ɗigo ƙarfe guda. Na ɗauki tsintsiya na shiga share falon da na riga na share. Ta bayan kafaɗarki na hango ɗigon da kika ce shi ne na bayan gidanmu, kore shar. Shekara da shekaru ina jin ƙugin janaretonsa, ina shanya a kan katangarsa, ban taɓa sanin yana magana da kowa ba. Ke kuma kina karanta maganarsa kamar yadda nake karanta allona.

Safiya, ni ma an ce ina da kai. A makarantar allo ni malam ke sa wa in biya wa na baya, na sauke da wuri, na fara littattafai. Ba wanda ya zalunce ni, iyayena sun ba ni karatun addini, abin da suke ganin shi ne mafi daraja, kuma har gobe shi ne. Amma ranar nan da tsintsiya a hannuna na ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji, na ce da ma ni ce. Babanku ya lura, ya ce, "Malama, falon nan zai ƙare da shara, zo ki zauna ki gani." Na ce ina da aiki. Da na zauna, da kin nuna mini, na sani.

Na daɗe ina bincikar zuciyata a kan wannan, domin ina tsoron hassada tsoro mai tsanani. Na tambayi kaina, ina so a karɓe abin nan daga hannun 'yata? Wallahi ban taɓa so ba, ko a mafarki. So nake a ce ina ciki. Da na tambayi kaina haka a kan Rifkatu, amsar ba ta fito da tsabta irin wannan ba. Na tarar ina so a rage mata ke. A nan na tsorata, domin hana ki gidanta ba zai ƙara mini komai ba, ke kawai zai jefa a wahalar hanya, ki riƙa isa wurin aiki a gajiye, aikin da kuskure kaɗan a cikinsa yana taɓa mutanen da ba su san da ke ba: mai naƙuda da ake neman mota a waya, ɗan kasuwa, uwa irina da ke jiran kira.

Ke ma wata rana za a kawo wadda ta fi ki, ƙarama a kanki, ko a kawo sabuwar basira da za ta yi rabin abin da kike taƙama da shi. In kin ji abin nan ya tsaya miki a ƙirji, kada ki yi musun sa kamar yadda na daɗe ina yi. Ki yi wa kanki tambayar da na yi wa kaina. In so kike ki shiga ciki, ki ajiye girman kai ki je ki zauna a koya miki. In kuwa so kike a rage wa wani, ki yi alwala ki nemi tsari, kuma kada ki yanke wata shawara a ranar.

Jiya da hantsi na karɓi lambar Rifkatu a wurin babanku na kira ta. Na yi niyyar in yi mata godiya kawai in ba ta haƙuri a kan ba za ki sauka wurinta ba. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta ce ta ji shawarar da na yanke kuma ba ta ga laifina ba, ita ma da 'yarta ce sai ta yi tunani. Sai ta ce, "Amma Maman Safiya, bari in gaya miki wani abu. Yarinyar nan duk abin kirkin da ta yi a ofis, in na yabe ta sai ta ce, Anti, kina ganin Umma za ta gane in na yi mata bayani? Ni kullum ce mata nake, ki gwada mana."

Na yi shiru har ta zaci sabis ne ya ɗauke, tana ta halo, halo. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sannan na ji haushi, domin ko wannan ma daga bakinta na ji shi.

To ga hukuncina, kuma babanku ya sani, ya riga ya yi wa Kawu Sani bayani ba tare da an ɓata wa kowa ba. In kun isa, ki kira antinki Rifkatu, tana jiran kiranki, za ta zo tasha ta ɗauke ki. A gidanta za ki zauna. Ki riƙa zuwa gaishe da Kawu ranar da ba ki da aiki, kada ki je hannu sake. Ki girmama gidan mutane, ki tashi ki yi shara kafin a sa ki, ranar Lahadi in sun tafi coci ki dafa musu abin da za su tarar. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, kada ki jira sai an tuna miki.

Ban ce na warke ba. Ina rubutun nan ina ganinku a zaune kuna cin abinci kuna hirar ƙarafuna, ina jin abin yana taso mini. Zan yi ta fama da shi, tsakanina da Ubangijina ne. Abin da nake roƙo a wurinki guda ne. In wani abu ya faru a wurin aiki, mai daɗi ko marar daɗi, ki kira ni ki yi mini bayaninsa tun daga farko, da batir ɗin da janareton da duk abin da basirar ta ce. Zan gane, in ban gane ba zan tambaya. Wataƙila ki ji na ce "to, madalla" kawai, musamman in da mutane a kusa, halin shekaru ba ya fita a rana ɗaya. Kada ki kashe wayar. Ki ci gaba da magana, ina ji.

A cikin jakarki ta baya, ƙarƙashin zannuwa, akwai kuka da daddawa da kwalaben yaji guda biyu. Ɗaya taki, ɗaya ki ba Rifkatu ki ce in ji ni, ina godiya. In ta ci ta tambaye ki yadda ake haɗa shi, ki ce ba ki sani ba, sai dai ta kira ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare mutuncinki da imaninki, Ya sa aikin nan ya zama alheri gare ki da duk wanda zai ɗaga waya ya samu wanda yake nema. Ya tsare masu hawa ƙarafunan da za ki riƙa aikawa, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Ya saka wa matar da za ta riƙe ki da alheri, Ya kuma wanke mini zuciyata. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
daga Dogarawa.